Kawu da Gidan da Ya Sayar Mini

Ranar da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, yawancin masu zuwa gaisuwa ƙofar gidana suka fara tsayawa. Ba don ni ne babba a dangi ba. Shekara goma da wani abu ke nan da barinsa gidan, amma har yau tsofaffin Mayahi gidansa suke ce masa. Sai na riƙa fitowa ina nuna musu hanya: ku bi ta bayan kasuwa, ku wuce rijiya, gidan surukinsa ne na ƙarshe kafin gonaki, can ake zaman makoki.

Wani dattijo makiyayi daga Issawane bai tafi nan da nan ba. Ya ɗaure raƙuminsa, ya shigo zaure, ya dafa bango. Daga baya ya ce, "A nan na kwana wata huɗu ni da iyalina, shekarar da dabbobinmu sunka ƙare. Bai taɓa tambayata yaushe za ni tashi ba." Wata tsohuwa mai sayar da fura ta zauna a dakalin waje tana kuka, tana gaya wa duk wanda ya wuce cewa kowace bazara shi ke zuwa ya yaɓe mata ɗaki, kuma in ta ba shi fura rabi yake sha ya mayar mata da ƙwaryar. Liman kuwa da aka idar da sallar gawa abu ɗaya ya faɗa: mutumin nan ba a taɓa kai ƙararsa ba, shi ma bai taɓa kai ƙarar kowa ba.

Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta dube ni ta ce, "To, ya tafi." Ni kuma na gane abin da take nufi.

Dalilin da ya sa nake rubuta wannan ke nan. Ina so jikokinsa su san irin mutumin da aka binne. Ina kuma so in faɗi abin da ya shiga tsakanina da shi, don kowa a wurin makokin nan ya tashi da labarin alherin da Kawu ya yi masa, ni kaɗai na zauna da abin da na yi masa.

Kawu manomi ne. Ba magini ba ne na sana'a, amma da hannunsa ya gina gidansa, ɗaki bayan ɗaki, duk rani yana buga tubali kaɗan kaɗan. Yana da wata ɗabi'a da muke dariya muna ƴan yara. In an yi ruwa an ɗauke, ba ya zama. Zai naɗe wando ya bi lunguna yana kallon inda ruwa ya bi da inda ya kwanta. In ya wuce bangon wani, sai ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kasa kunne. Wani lokaci ya wuce abinsa. Wani lokaci kuma ya yi sallama ya ce wa mai gida, "Bangonka na gabas yana jin ƙishirwar ƙasa, ka ba shi kafin ruwa na gaba." Akwai masu jin haushi, akwai masu godiya, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Ba ya son dogon zance. In magana ta yi masa nauyi, hularsa yake cirewa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar, ya yi shiru.

Ni kuwa shi ya kai ni lakol, makarantar boko, da hannunsa, lokacin da mahaifina ke cewa a bar ni gona. Da na zama malamin makaranta aka tura ni Urafane, ya daina kirana da sunana. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malaman boko, da ɗan murmushi, kuma na san alfahari ne.

An mayar da ni Mayahi a shekarar da fari ya sake dawowa, zamanin soja. Hatsi ya fito ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Shanun noman Kawu biyu suka mutu mako ɗaya tsakani. Ƴaƴansa maza suka tafi ci-rani kudu, aka rufe iyaka, labarinsu ya yanke. Ana rabon jar dawa a filin gari, jandarma na tsaye da bulala suna shirya layi. Kawu ya je sau ɗaya, ya ga yadda aka ture wani sa'ansa ya faɗi, ya juyo gida da buhunsa a naɗe. Bai sake komawa ba.

Wata safiya ya same ni a ɗakin da nake haya. Ya zauna, ya cire hula ya duba cikinta.

"Mushe, na ji kana neman gida."

"Ina nema, Kawu. Iyali na ƙaruwa."

"Ka ɗauki nawa. Gara kai da baƙo."

Na yi murna. Wannan ita ce gaskiya, kuma ita ce farkon abin da ke cina. Ina da albashi a lokacin da mutane ke cin ganye. Da na iya saya masa hatsi in bar shi cikin gidansa. Da na iya cewa, Kawu, gidan da faɗi, ku riƙe ɗakin baya kai da Iya. Wallahi ko ɗaya bai zo mini a rai ba. Abin da na gani kawai shi ne ni ma na yi gida tun ban kai shekara talatin ba. Aka yi ciniki gaban shaidu, ya kwashe kayansa a amalanke ɗaya, shi da Iya matarsa suka koma gidan mijin ɗiyarsu a bakin gari, aka kafa musu bukkar kara.

Ban kwana bakwai a gidan ba na fara rushe-rushe. Na taɓa shiga gidan wani direktan lakol a Tasawa na ga salo, wato falo, mai faɗi da kujeru, bango sumul da fenti, tun ranar abin ke raina. Na ɗauko magini daga can, saurayi mai fara'a wanda bulo da siminti ya sani, bai taɓa aikin ƙasa ba. Duk abin da na ce, sai ya ce, "Ana yi, Mushe." A lokacin na ɗauka wannan ita ce gwaninta.

Kawu yana zuwa kowace safiya. Yakan tsaya tsakar gida, hannuwa a baya, yana kallo.

Rana ta farko ya ce, "Mi kake gaggawa? Ka zauna damana ɗaya tukuna. Ka ga inda ruwa ke bi, ka ga inda rana ke bugu, sannan ka taɓa."

Na ce, "Kawu, wane ruwa? Shekara nawa rabonmu da ruwan kirki?"

"Zai dawo. Bai yi sallama da mu ba."

Babbar shigifar gidan, wadda nake so in mayar salo, tana da ginshiƙi a tsakiya, mai kauri, wanda azarar rufin ke kwance a kansa. Ni a idona ya tare wuri, ba inda za a sa tebur. Na ce a cire. Kawu ya ce azarar nan gajeru ne, biyu biyu aka haɗa su a kan ginshiƙin, in an cire shi ba abin da ke riƙe da su sai ƙasar da ta bushe a kansu. Magini ya ce zai gitta ƙarfen tsohuwar mota a ƙasa, ya isa. Aka cire.

Sai siminti. Na sa aka shafe bangon ƙasa da shi ciki da waje. Kawu ya ce ƙasa da siminti ba sa kama juna, danshi zai shiga baya ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye kana ganinsa lafiya. Na ce gidajen gwamnati duk haka suke. Ya ce gidajen gwamnati ba da ƙasa anka gina su ba.

Akwai kuma rariya a gindin katangar yamma, inda ruwan tsakar gida ke fita lungu. Kajin maƙwabta ke shigowa ta nan, kuma ta ɓata mini kyan katanga. Na sa aka toshe da niyyar za a fitar da wata ta gaba. Siminti ya ƙare, ba a fitar ba, na manta.

Duk wannan Kawu yana faɗa sau ɗaya, in ban ji ba ya yi shiru. Abu ɗaya ne ya nace a kai. Bayan ɗakin da Iya ta zauna akwai ɗan lungu da ba kowa ke shiga ba, an jera wasu duwatsu a gefe. Na ga ya dace da wurin wanka. Da safe magini ya fara kwaɓa siminti, Kawu ya shigo ya gani, ya taho da sauri irin wanda ban taɓa gani a wurinsa ba.

"Wurin nan ka bar shi."

"Don me, Kawu?"

"Ka bar shi dai."

"To ai sai ka gaya mini dalili."

"Ga fili can wajen turken awaki. Ka yi can."

Magini ya tsaya da cebur a hannu yana kallonmu, ma'aikatansa biyu suna murmushi. Na ji kamar an mayar da ni ɗan yaro a gaban mutanen da nake ba aiki. Kwana da kwanaki abin na taruwa a cikina, sai ya fito.

"Kawu, don Allah ka bar ni in huta. Gidan nan fa saye na yi."

Kawu ya cire hula ya duba cikinta, ya daɗe, ya mayar.

"Gaskiya ne, Maigida," ya ce. "Allah shi sa albarka."

Ya fita ta zaure a hankali. Daga ranar bai sake ce mini Mushe ba. Kuma daga ranar ƙafarsa ba ta sake taka cikin gidan ba.

Bayan kwana biyu Inna ta aiko in zo. Na same ta tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

"Ka san abin da ke bayan ɗakin nan?"

Na ce ban sani ba.

"Ɗiyarsa ta fari. Kwana biyar ta yi a duniya, ko suna ba a yi ba. Shi ya haƙa mata kabari a wurin da hannunsa. Kana so ya buɗe baki ya yi maka zancen ɗan fari a gaban ƴan ƙwadago? Kai wane irin karatu ka yi?"

Na koma gida na ɗauki guduma na farfasa simintin da aka riga aka zuba a wurin da kaina, na mayar da duwatsun yadda na iya tunawa. Abin da ya rage shi ne in tafi bakin gari in durƙusa. Ban je ba. Na ce bari zuciyarsa ta huce. Na ba maiɗakina goro da sukari ta kai masa. Ta dawo ta ce ya karɓa, ya sa albarka, ya ce a gai da Maigida.

Damanar shekarar ba ta yi wani abin kirki ba, saboda haka gidana ya tsaya yana ƙyalli. Abokan aiki suna zuwa shan shayi a salo, suna yaba faɗinsa. Har na fara jin cewa tsohon tsoro ne kawai ya yi masa yawa. In mun haɗu a masallacin Juma'a ina gaishe shi, yana amsawa da kyau, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai sani ba ba zai ce akwai komai ba.

Shekarar da ta biyo ruwa ya dawo. Ina Tasawa wajen wani taron malamai na kwana uku, na bar maiɗakina da jaririya ƴar wata biyu. Abin da zan faɗa yanzu daga bakinta na ji. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka fara ruwa kamar ana juye tulu. Kafin la'asar tsakar gida ta cika, ruwa ya rasa mafita, ya kai mata idon sawu, ya fara shiga ɗakuna. Ta ɗauki yarinya ta shige salo, don a ganinta shi ne ɗaki mafi ƙarfi tunda shi aka fi kashe wa siminti.

Tana nan sai ta ji ana dukan katangar yamma daga waje. Kawu ne. Tun daga bakin gari ya taho cikin ruwan nan da dagi a kafaɗa, mutum mai shekara kusan saba'in. Ya laluba ya gano inda tsohuwar rariya take, ya fasa, ruwa ya yi waje da ƙarfi har ya kusa kayar da shi. Sannan ya zagayo ƙofar zaure ya tsaya yana kira.

"Ke ɗiyata! Kina ina?"

"Ina salo, Kawu!"

"Fito da yarinyar nan yanzu. Kar ki ɗauki komi. Fito!"

Ta ce ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ta fito da gudu ta iso zaure, wanda shi kaɗai ne ban taɓa ba. Ya tuɓe rigarsa ta sama don ya lulluɓe yarinyar, ya matse, ya ga ba amfani, ya ce ta matsa ciki inda ba feshi. Shi kuwa ya tsaya a waje, a bakin ƙofa, ruwa na dukansa. Ta roƙe shi ya shigo ya ce nan ma ya isa. Ba a yi rabin sa'a ba suka ji ƙara kamar an sare babbar bishiya. Rufin salo ya rufta, ƙarfen motar ya lanƙwashe, bangon kudu ya biyo baya. Tabarmar da ta shimfiɗa wa yarinya sai bayan kwana biyu aka tono ta.

Na iso washegari a bayan wata motar kaya. Littattafaina, rediyo, kujerun da nake taƙama da su, duk suna ƙarƙashin laka. Na sa hannu na ɓamɓaro simintin da ya rage a bango, ya taho kamar ɓawon gyaɗa. Ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta yi laushi, gara ta yi hanyoyi a ciki, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Maginin Tasawa na aika masa, ya ce yana da aiki a Maraɗi.

Kawu bai ce ai na gaya maka ba. Ban taɓa jin ya faɗa wa kowa haka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, na fito da safe na same shi a lungu ƙarƙashin bishiyar bedin da ke fuskantar ƙofata, ya zo da maginan ƙasa biyu tsofaffin abokansa, an riga an sauke jakai uku na ƙasa.

"Maigida, ka sa a kawo ruwa da ciyawa. Ƙasar nan sai ta kwana bakwai a jiƙe."

Wata biyu ana aikin. A waje yake cuɗa ƙasa da ƙafafunsa, a waje yake duba kowace azara kafin a shiga da ita. In magini ya fito ya kwatanta masa abu, ya ba da amsa kamar yana gani, don ya san kowane taku na gidan. Aka mayar da ginshiƙi inda yake. Aka kankare siminti aka yi yaɓe. Ranar da aka gama rufi na fito na tsaya a gabansa.

"Kawu, shigo ka ga aikin."

"Ina gani daga nan."

"Don Allah, Kawu."

"Ya yi kyau. Indararon kudu ka ƙara masa tsawo kaɗan, kar shi zuba a gindin bango."

Nan ne wurin da ya kamata in faɗi a ƙasa in ce na yi kuskure, ka yafe mini. Maginan suna wanke hannu kusa da mu, sai na ce bari sai mun kaɗaita. Mun kaɗaita sau da yawa bayan haka. Na kai masa hatsi kowace kaka, na gina masa ɗakin ƙasa a madadin bukkar, na kai shi asibiti lokacin da idonsa ya fara hazo. Duk ya karɓa ya gode. Na riƙa gaya wa kaina cewa ai ya gane, aikin ya isa magana. An yi sunan ƴaƴana uku a gidan nan, kowane yana zuwa da sassafe ya zauna a waje cikin maza, ya yi addu'a, ya karɓi goro ya tafi. Ba wanda ya lura sai mu uku, ni da Inna da maiɗakina.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Kwana tara ya yi. Na je sau biyu, kowane zuwa ɗakin cike da mutane. Na uku na shirya zan je ranar Alhamis bayan an tashi lakol, na ƙudura ko da wa ke wurin zan faɗa. Laraba da hantsi ina cikin aji aka aiko.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, na shiga wurin Iya. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ta rame. Na gaishe ta, na daɗe ina juya maganar, sannan na tambaya.

"Iya, Kawu ya taɓa yi miki zancena? Zancen abin da ya faru?"

"Wane abu?"

"Kin sani, Iya."

Ta ja carbi kamar sau goma kafin ta amsa.

"Bai taɓa ba. Ni ma daga bakin uwarka na ji. Kawunka in abu ya yi masa ciwo ba ya faɗa, ka san shi."

"To bai bar mini wata magana ba?"

"Ya bari. Ranar Litinin da ya ɗan samu sauƙi ya ce in ka zo in gaya maka, sai baƙi sunka cika ɗaki na manta." Ta gyara mayafinta. "Ya ce watan jiya ya bi ta lungunku, ya taɓa katangar bayan ɗakin yara, ta fara amsa kamar da rami a cikinta. Ya ce kar ka jira bazara, ka yaɓe ta tun yanzu, yaran nan a gindinta suke wasa."

Mutumin da ko fuskar mutane ba ya gani sosai, ashe yana bi ta bayan gidana yana taɓa bango.

Na fito ban iya yi wa kowa sallama ba. Da na isa gida na zagaya baya na ƙwanƙwasa katangar da bayan yatsa. Ban ji komai ba, don ni har yau ban iya ji ba. Washegari na sa aka kawo ƙasa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sanya shi cikin waɗanda ba za su ji tsoro ba ranar tsayuwa. Abin da ban roƙe shi ba yana da rai, ina roƙon Allah ya isar masa. Wanda ya karanta wannan, ko ya san shi ko bai san shi ba, ya sa shi cikin addu'a.